Wai Fasasshen Madubi

To, na ji. Fasasshen madubi ne. Tun jiya da na ɗora hoton wani aikin ado na 'yan yankan madubi da wata mai zane 'yar Iran ta yi, mutum uku suka faɗa min haka, na huɗun har da ƙarin bayani, wai in ya shiga kasuwa da dubu biyar zai samo mai yi masa irinsa kafin la'asar. Allah ya ba da sa'a, Malam. In an gama a turo mana mu gani.

Rashin sani ba laifi ba ne, ni ma ba da sanin aka haife ni ba. Rainin ne ya tsaya min a rai. Da zarar mun ga abu an yi shi da hannu, shi ke nan ya zama wasan yara. Da a ce inji ne ya fitar da shi, da tuni ana ta kabbara.

Matar da ta yi aikin sunanta Monir Farmanfarmaian, 'yar Iran, haifaffiyar Ƙazwin. Ta yi karatun zane a Niyok, ta koma gida, sannan a shekarun 1970 ta shiga hubbaren Shah Ceragh da ke Shiraz, ta ɗaga kai ta ga rufi da bango duk an lulluɓe su da 'yan mitsi-mitsin madubai, ko wanne ya kamo haske ya miƙa wa na kusa da shi. Daga ranar ba ta sake rabuwa da madubi ba har ta koma ga Mahaliccinta a 2019 tana da shekara 96. Sama da shekara arba'in kan abu ɗaya. Kai kuma kafin la'asar.

Ka ɗauki hoton ka zuƙo shi sosai. Ko wane ɗan yanki da ka gani, wani bai fi farcen babban yatsa ba, sai da aka auna shi, aka yanka, aka dasa shi a kan farar ƙasa da ɗan karkata nasa na kansa. Karkatar nan ita ce aikin. In duk suka kwanta a miƙe ka samu madubin wanzami, ka ga fuskarka ka wuce. Amma da aka karkata su, wannan ya ɗauko taga, wancan ya ɗauko rigarka, na can ya ɗauko fitila, ka matsa taku ɗaya komai ya sauya. Lissafi ne zalla: kusurwa uku, kusurwa shida, kusurwa takwas, ɗaya na haifar ɗaya. Kuskuren da bai kai kaurin zare ba a tsakiya, kafin a kai gefe ya zama ramin da za ka zura yatsa. Lissafi ne, na sake faɗa, kuma da yawan masu cewa fasasshen madubi ko alkaki ba za su iya raba wa yara shida daidai ba.

Wani ya ce ai kayan Turawa ne. Wane Bature? Sana'ar ta girmi kakan kakanka a Iran, sunanta aina-kari. Har ana ba da labarin cewa madubai ake kawowa daga Turai su farfashe a hanya, magina suka ƙi zubarwa suka mayar da su ado. Ka ga ashe ma ka yi gaskiya ba ka sani ba, daga fasasshen madubi aka faro. Wani kuma ya biyo ni ta akwatin sirri wai ai hubbaren 'yan Shi'a ne. To sai me? Kusurwa shida ba ta da mazhaba. Mai cewa mutane na fama da yunwa ina zancen madubi, shi ban ma da lokacinsa, don da datar da ya rubuto min ita zai sayi biredi.

Gaskiya matar nan tausayi take ba ni, kuma tana burge ni. Masu wannan sana'a maza ne, wasunsu ma da farko ba su yarda mace ta ba su umarni ba. Juyin juya halin Iran na 1979 ya same ta a Amurka, aka ƙwace ayyukanta da yawa, ba ta koma gida da zama ba sai 2004, ta haura tamanin, ta sake buɗe wurin aiki. A 2015 gidan tarihin Guggenheim na Niyok ya baje kolin ayyukanta, a 2017 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a Tehran. Tsohuwar da a wurinmu sai dai a shimfiɗa mata tabarma a ce Hajiya ki huta.

Kuma wannan rainin ba kan baƙi kaɗai muke yin sa ba. Masaga na Bidda sun daɗe suna narka kwalabe a wuta suna fitar da awarwaro da duwatsun wuya, mutum ya wuni gaban wuta idonsa ya yi ja, mu zo muna taya kayansa kamar muna taya tumatir ɗin yamma. Ai kwalba ce kawai, ko?

Af, tun da ana zancen madubi. Makon jiya ɗan sahu ya ɗauke min madubin gefe na mota, ko waiwaye bai yi ba. Na kai wa wani dattijo mai yankan gilashi, ya ɗora tsohon a kan sabon falle, ya ja 'yar wuƙarsa sau ɗaya, ƙiii, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, abin ya ɓalle a lanƙwashe daidai wa daida. Na ce Baba nawa? Ya faɗa. Wallahi kafin in ankara bakina ya riga ya ce a rage. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce in je in dawo gobe, gam ɗin bai bushe ba.