Ta isa aure a shekara 15, ba ta isa sa hannu a takarda ba sai 21

Dokokin Nijar ba su yi ittifaƙi kan ranar da yaro ke zama babba ba. Dokar ƙwadago ta yarda ya fara aiki yana shekara 14. Dokar zaɓe ta ba ɗan shekara 18 ƙuri'a. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya ce mutum bai mallaki kansa ba sai ya cika 21, amma kundin nan ɗaya ya yarda a aurar da yarinya tana 15, namiji kuwa sai 18. Galibin aurenmu ma bisa al'ada ake ɗaura shi, ba mai neman takardar haihuwa. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan ƙasar nan ana yi musu aure kafin su kai 18.

Yanzu ga wata sabuwar magana tana yawo a fadojin Tawa da wayoyin samari: wai masana sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai shekara 25. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun shekarun 1990 wani masani, Jay Giedd, da abokan aikinsa a Amurka suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar MRI, suna maimaitawa yayin da yaran ke girma. Suka ga ɓangaren da ke bayan goshi, mai kula da tsara gobe da danne zuciya, shi ne ke zuwa ƙarshe, yana ci gaba da gyaruwa har bayan shekara 20. Sai dai babu wata ƙofa da ke rufewa ranar da mutum ya cika 25. Wani binciken jami'ar Kambirij a 2025 ma ya kai wannan zango har wajen shekara 32. To, ɗan shekara 30 mai mata da 'ya'ya huɗu, shi ma yaro za mu kira shi?

Abin da ya fi amfani a ganina aikin Laurence Steinberg ne, wani masanin halayyar matasa a Amurka. Ya nuna cewa in an bar matashi ya yi tunani cikin natsuwa, tun wajen shekara 16 hankalinsa na kamo na manya. Inda yake faɗuwa shi ne lokacin da jini ya hau, ko abokai na kallo. A wani gwajin tuƙi a kwamfuta, matasa sun ƙara ganganci da zarar an zaunar da tsaransu kusa da su, manya kuwa ba su canza sosai ba. Duk wanda ya ga yaro kan babur ranar rakiyar amarya ya san wannan ba sai an kai shi ɗakin bincike ba.

Saboda haka ban yarda a ɗauki wannan ilimi a toshe bakin matasa da shi ba. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai 15 ba, kuma samarin Adar da ke tafiya cirani Abijan ko Libiya su ke ciyar da gidaje da yawa. Wanda aka yarda ya aiko kuɗin hatsi, a yarda ya yi magana a taron gari. Zaɓe da shawara ayyukan natsuwa ne.

Aure kuwa ba haka yake ba ga 'yar 15. Yanke shawara ne da ba ya warwaruwa cikin sauƙi, ana yin sa ƙarƙashin idon iyaye da surutun dangi, wato daidai yanayin da hankalin matashi ya fi rauni. Ga kuma jiki: haihuwar wuri na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.

Malamanmu sun san wannan bambanci tun kafin na'ura. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba maraya, kada a miƙa masa dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an ga shiriyar hankali a tare da shi. In haka ake taka-tsantsan da awaki da gona, ya kamata masu gyaran doka a Yamai su ɗaga shekarun auren 'ya mace zuwa 18 daidai da na namiji, su sauko da 21 ɗin nan ita ma zuwa 18, sannan a zauna da limamai da sarakuna, tunda a hannunsu ake ɗaura auren.