Fiziks ba a allo kaɗai ake koyar da shi ba

Wani rahoto ya ce ɗaliban sakandare na gudun Fiziks saboda rashin ɗakin gwaji. Gaskiya ne, amma ni malami ne, kuma wallahi har da sakacinmu. Ka ɗaura dutse a zare mai tsawon mita 1, ka rataye a reshen darbejiya, yara su ƙirga lilo 20 da agogon waya. Za su samu kusan daƙiƙa 40, wato 2 ga kowace tafiya da dawowa. Ka sa dutse mafi nauyi, lokacin bai canza ba, nan take aji ya kaure da gardama. Irin wannan gwajin fa WAEC ke kawowa, amma yaro bai taɓa riƙe zaren ba sai ranar jarrabawa.