Kafin ka zagi manhajar tuni, leƙa saitin wayarka

'Yan'uwa masu hidimar alhazai da masu aika kaya a Makka da Jidda, kukan nan ya yi yawa. Mutum ya sauya waya ko ya ɗora sabon Android, gari ya waye manhajar da ke tsara masa ayyuka ta yi gum, baƙi na zaune a filin jirgi ba mota. A ganina sau tari ba laifinta ba ne, sabon tsarin ne ya ɗaure mata hannu.

Tun daga Android 13, manhajar da aka sauke sabuwa ba ta turo sanarwa sai ka ba ta izini. Android 14 ya ƙara wani takunkumin: izinin buga ƙararrawa a daidai minti yana zuwa a kashe ga yawancinsu, har da waɗanda ka kwaso daga tsohuwar waya. Shi ya sa tunin ƙarfe 4 zai iya zuwa a makare. Shiga saiti, buɗe izinin sanarwa, sannan ka nemi na ƙararrawa da tuni a sashen izini na musamman. Masu Samsung, ku duba ɓangaren batir, ku cire ta daga jerin manhajojin da aka sa barci. Nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Sai matsalar da ta fi shafar mu mazauna nan, wato lokaci. Agogon Saudiyya ya riga na Najeriya da awa 2. In asusunka na manhajar tsara ayyuka irin su Todoist na kan lokacin Legas, wayar kuma na kan na Riyad, to ka shirya rigima da direba. Ka tabbatar mako na farawa ranar Lahadi, hutu kuma Juma'a da Asabar. Masu iPhone su duba ko kalandar Ummul Ƙura, wato ta Hijira da Saudiyya ke bi, suke kai ko ta Miladiyya, tunda tikitin jirgi da Miladiyya yake zuwa.

Na ofis kuwa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, tsohuwar kwamfuta sai haƙuri.

Don Allah kada a taɓa tsarin waya ana tsakiyar Umarar azumi ko aikin Hajji. A bari sai Muharram. A fara sabunta manhajar kanta, a buɗe ta a burauza a ga ayyukan duk sun hau, a gwada a waya ɗaya tukuna. Saita tuni na minti 10, kulle wayar, ajiye ta a kan tebur, ka ga ko za ta yi ƙara.