Agogon soja ne ko fentin soja?

Na karanta wani labari da ya ce masu tara agogo sun yaba wa wani sabon agogon nutso don ya yi kama da na sojoji, amma ni kamanni bai ishe ni ba. Da kamfanin agogo na Blancpain ya fitar da agogon nutsonsa Fifty Fathoms a 1953, sojojin ruwan Faransa masu nutso ne suka faɗi buƙatarsu: baƙar fuska, alamomi masu haske cikin duhu, da zobe mai juyawa don mutum ya san mintunan da ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin iskarsa ta ƙare. Shi ya sa zoben na gaske gefe ɗaya yake juyawa, ko an buge shi ba zai rage lissafin lokacin da aka riga aka yi a ruwa ba. Wani malam ya rubuta cewa koren maɗauri ya wadatar agogo ya zama na soja, amma wallahi ban yarda ba. Nan Kaduna mai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da barikoki, agogon G-Shock na fi gani a hannun sojoji, don yana jure wahala. A kasuwa kuwa akwai agogo masu tambarin jure zurfin ruwa mita 200 da ruwan alwala ke shiga. Shin wannan sabon agogon ya cika ƙa'idar ISO 6425 ta agogon nutso, ko kuɗin fenti za mu biya?