Hanya ba ragowar fili ba ce

Wallahi na so in kama bakina a kan maganar katangar nan da wani ya gina ta ci hanya a wata unguwa a Gombe. Amma tunda hoton ya zaga gari, har wasu na turo min shi kamar ba ni na ɗauka ba, bari in faɗi nawa kowa ya huta.

Abin da bawan Allahn nan ya yi sata ce. Ba kuskuren awo ba ne, ba saɓanin fahimta ba ne kamar yadda dattawan sulhu suka so su sa masa suna. Ka sayi fuloti ƙafa 50 sau 100, ka kwaso magina bayan isha'i suna aiki da fitilar waya, ka ci ƙafa 8 daga cikin layi, gari ya waye mota ba ta shiga sai mashin. Da akuya ya kwance da tuni an yi masa ihu. Da yake hanya ce ya kwance, kuma yana da babbar riga, sai aka shimfiɗa masa tabarma ana cewa, "Alhaji, a duba dai." A duba me?

Sai dai shi ɗin ƙaramin alhaki ne. Katangarsa jikanyar igiya ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan gona a bayan garin Gombe ya san yadda abin yake. Mai gona yana gefe yana lissafi a zuci, dillali yana riƙe da bakin igiya, yaro yana bi da fegi da dutsen bugawa. A ja nan, a kafa, a ja can, a kafa. Fuloti nawa suka fita? In ka ce, "Malam, hanya fa?" sai a nuna maka wani siririn wuri da baki a ce, "Ai ga ta nan, an bar ta." An bar ta! Wato abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu inda ruwa zai bi, maƙabarta kuwa sai an yi mutuwa ake tuna ta. Dillali la'adarsa a kan fuloti take, ba a kan layi ba. Duk ƙafar da ya bar wa hanya, a wurinsa asara ce. To wa kuke tsammani zai yi wa hanya magana a wannan zaman?

Hanya ake fara fitarwa, sannan a yanka fuloti. Shi ke nan maganar. Ba ta bukatar digiri.

Garin nan fa ba jiya ya fara kumbura ba. Tun 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi aka san ma'aikata za su kwararo. Aka buɗe jami'ar jiha a 2004, ɗalibai da malamai suka ƙaru. Rikicin Boko Haram ya turo 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawa suka ga wurin zama suka zauna, kuma muna maraba da su. Ƙaramar hukumar Gombe kanta 'yar mitsitsiya ce, ƙidayar 2006 ma mutanenta ba su kai dubu 300 ba, sai garin ya tumbatsa ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. Mutum yana Tumfure, yana ce wa kowa shi a Gombe yake, alhali a takarda yana Akko. Duk wannan a gaban idonmu ya faru, sannu a hankali, shekara kusan talatin. Babu wanda zai ce an yi masa ba-zata.

Kuma ko da mu mun yafe wa juna, ruwa ba ya yafewa. Ƙasarmu yashi ce, garin kuma a gangare yake, ruwan da ya sauka a tudun yamma dole ya ratsa ta cikinmu ya wuce gabas. Ka toshe masa nan, ya ɓulla ta ɗakin maƙwabcinka. Waɗanda suka ga ambaliyar 2004 ba sai an ba su labari ba. Kwarin da ya tashi daga wajen jami'a ya bi ta unguwar Malam Inna, sai da aka sa kuɗin Bankin Duniya kafin a ɗaure bakinsa da kankare. Je ka tsaya a bakin kowane kwari a garin nan ka leƙa, za ka ga harsashin gidan wani yana reto. Shi ma ranar da ya saya an ce masa, "Ruwa ba ya zuwa nan, Alhaji." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na san me za a rubuto a ƙasa, don haka bari in rage muku wahala. Wani zai ce talaka ina zai je, fulotin gwamnati ai sai mai uwa a gindin murhu. To wa awon igiya yake kashewa in ba talakan ba? Mai kuɗi in layi ya cushe sayarwa yake ya koma GRA. Wani zai ce haka ake yi ko'ina, je ka Kano ka gani. Na je, na gani, shi ya sa nake wannan ihun. Wani kuma zai ce ai kai ma a awon igiyar kake zaune. Ƙwarai kuwa, a ciki nake, da guminmu muka saya, kuma shi ya ba ni bakin magana. Masu cewa laifin gwamnati ne su kaɗai, e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, nauyin yana kansu, ban sauke musu ba. An kafa GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar, an zuba takardun fili a kwamfuta, madalla. Amma ba gwamna ne ya riƙe wa maginan nan fitila ba.

Su kuma masu rukunin gidaje na zamani, sannunku da ƙoƙari. Hoto a allo ga bishiyoyi, ga yara a kan keke, ga suna na Turanci mai daɗin faɗi. Ka je wurin ka tarar da ƙofa mai ƙyalli da katanga doguwa, an tattara ruwan gidaje duka an saki ta bututu ɗaya a kan unguwar da ke ƙasa. Tsari ya ƙare a bakin get.

Bari in bar wasa. Bara muka yi rashin wata tsohuwa a layin da ke bayanmu, wadda kowa ke kira Inna. Da aka fito da ita, makara ta kasa shan kwana. Mutum shida suna ta ja da baya suna gyara kafaɗa, a ƙarshe sai da aka ɗaga ta sama da kan katanga aka karkata, wani yana riƙe da likkafani kada ta zame. Ɗanta yana tsaye yana kallo, bai ce komai ba. Ni dai ban iya haɗa ido da shi ba. A wannan layin mai naƙuda take takawa zuwa titi da dare. A nan za a jira motar kashe gobara ranar da Allah ya kawo tsautsayi.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin nan a sahun gaba yake salla. Hadisi ingantacce ne cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai. Wani hadisin ya ce in an yi jayayya a kan hanya a bar mata zira'i bakwai, tun zamanin raƙumi ke nan. Mu da muke da tifa da tankar ruwa mun ga ya yi yawa. Liman, don Allah a ɗan ajiye rigimar ƙabalu da sadalu Juma'a ɗaya a yi mana huɗubar layi.

Hanya ake fara fitarwa. Mai unguwa kada ya sa hannu a takardar da babu layi a ciki. Mai saye ya auna hanyar da ƙafarsa kafin ya auna fulotin. Katangar nan kuma a rushe ta tun simintin bai gama bushewa ba, don in aka bari ta ga damina ɗaya, gobe na kusa da shi zai fito da tasa ta daidaita da ita, ya ce ai layi ya bi.

Af, tunda ana maganar layi, wai yaushe za a sa wa titunan unguwanninmu suna? Jiya wani yaro ya kawo min saƙo a mashin, minti ashirin muna waya. Na ce ya wuce gidan mai, ya sha kwana wajen taransifoma, ya nemi gida mai jan get kusa da mai shayi. Ashe an yi wa get ɗin fenti baƙi tun sallah, mai shayin kuma ya tafi gida cire gyaɗa. Sai da na fito bakin titi da silifa ina ɗaga hannu kamar mai tare mota.