Rake Ya Tona Mani Asiri

Da la'asar muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, mai rake ya turo baro, na sayi gaɓa biyu. Na gatsa, na tsotse, na tofar, sai ga tukar jajawur. Abokina ya leƙo ya ce, "Malam, raken ne ke jini ko kai?" Na ce ai irin na bana ne, jan rake.

Ƙarya nake. An fi wata uku kullum in na kuskure baki sai na ga jini, ina ɗora wa zafin rana laifi.

Washegari na shiga kasuwa na ce a ba ni buroshin da ya fi kowane tauri. Na haɗa makilin da gawayi da gishiri, na tsuguna bakin rariya ina dirza kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. Uwargida ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Baban Ummi, haƙoran bashi suka ci maka?" Kwana huɗu dasashina ya kumbura, ko kunu sai ya huce nake kusantarsa.

Dole na kai kaina wurin likitan haƙori. Ya kwantar da ni, ya haska fitila, ya yi shiru irin na bakanike in ya buɗe injin da ya kwana biyu bai ga baƙin mai ba. Ya tambayi abin da nake sakace da shi. Na ce ashana, in babu, tsinken tsintsiya. Ya ce, "Allah ya kyauta."

Wai dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In aka bar shi sai ya daskare ya zama dutse, ya yi ta cin dasashi har haƙori ya fara girgiɗi, kuma buroshi ba ya fitar da shi. Ya kunna na'ura mai kukan sauro. Can na tofo wani ɓarɓashi, na zabura: "Likita, ka fasa mani haƙori!"

"Kwanta, Malam. Talatin da biyunka na nan. Wannan tuwon shekaru ne da goro."

Da ya gama na zaga da harshe, na ji ƙofofi ko'ina, har iska na wucewa. Ashe wushirya gare ni a ƙasa ban sani ba, ginin datti ya toshe ta.

Ya sallame ni da sharuɗɗa: buroshi mai laushi, safe da dare, minti 2, a hankali kamar ana lallashin amarya, a sauya shi duk wata 3, zaren sakace maimakon ashana. Na tambayi asuwakina na darbejiya, ya ce in riƙe abuna, amma ban da mugunta.

Tsohon buroshin kuwa uwargida ta gaje shi tana wanke takalman makarantar Ummi. Jiya ta ce in nemo mata mai laushi, wannan yana cinye takalmin.