Basir ɗin da ba ni da shi

A teburin mai shayi a unguwar Nima ta birnin Akra abin ya faro. Ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa, wai ana shirya hawan keke na jama'a, zango biyu. Akwai gajere, daga Adenta zuwa Aburi a dawo. Akwai kuma dogo, wanda zai zarce Mamfe da Larteh, ya gangaro ta Ayikuma da Dodowa, wajen kilomita 80. Ya ce, "Kawu, kai dai gajeren za a rubuta ka." Da a ɗaki ya faɗa mini da na yi godiya. Amma a gaban mutum shida ya faɗa, har da mai shayin da ke bina bashi. Na ce a sa sunana a dogon, ai ni da keke tun ba a haife shi ba. Kuma gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne tun ranar sunansa ban sake hawa ba.

Na sayi keken tsere na gwanjo, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sirdinsa kuwa ko ɗan yatsa uku bai kai ba. Na ce wa mai gyaran keke ya canza mini sirdi mai taushi. Ya yi dariya ya ce a wannan harkar katifar ba a jikin keke take ba, a jikin wando take. Haka na kwashi ƙafa zuwa kasuwar gwanjo ta Kantamanto, na tono wani baƙin wando mai manne wa jiki, an ɗinka masa soso a mazauni. Wai kuma ba a sa komai a ƙarƙashinsa, don kada ɗinki ya goge fata. Da na gwada a gida, uwargida ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Maigida, ba dai ta ƙofar gidan nan za ka fita da wannan ba?"

Tana da gaskiya. Lokacin atisaye bayan asuba ne, kafin rana da motocin haya na trotro su farka, kuma hanyata ɗaya ce, ta ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama suna jiran koko da ƙosai. Sai dabara ta zo mini: na ɗora jallabiya a kai, in na fita unguwa na tuɓe.

Ban fita unguwar ba. Daidai ƙofar masallacin na saki hannu ɗaya zan gaishe su, kaca ta cafke bakin jallabiya ta naɗe, sai ga ni a ƙasa, keke a kaina, hular kwano ta rufe mini ido. Dattawa suka taso da salati. Jallabiya ta ƙi fita daga kaca sai an ɗage ta, aka kuwa ɗage. Wurin ya yi tsit. Wani Alhaji da ya girmi mahaifina ya dubi tudun soson nan, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaro, tun yaushe kake fama da shi?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Allah ya ba da lafiya," sauran suka amsa da amin.

Kafin azahar duk layinmu an san ina da basir. Kafin magariba an aiko da saiwoyi ƙulli uku da wata gora mai ɗaci.

Ranar Asabar na tafi gwada hawan da ke tashi daga Ayi Mensah zuwa Peduase, inda gidan shugaban ƙasa na zamanin Nkrumah yake. A nan mutanen Akra ke fitowa motsa jiki da ƙafa kowane ƙarshen mako. Ni kuwa na sa keke a giya mafi nauyi, don a tunanina mai sauƙin ta ragwaye ce. A kwana ta uku ta hanyar, wata dattijuwa mai tawul a wuya ta wuce ni. Da ƙafa. Har ta waiwayo ta yi mini sannu. Daga baya ɗan yayata ya koya mini cewa a tudu ƙaramin faifai ake sa wa a gaba, babba a baya, a yi ta juya feda ba tare da ƙoƙawa ba, a sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, a kuma ci abinci mai nauyi daren tafiya. Wannan na ƙarshen na riƙe shi da kyau. Saura wata guda a yi hawan na fara dukan shinkafa da wake safe da dare.

Peduase dai ban gan ta ba sai ta tagar trotro, keke a ɗaure a baya.

Da ya rage mako biyu, ina zaune a teburin shayi ina neman hanyar janyewa ba tare da an yi mini dariya ba, sai mai shayin da kansa ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Da wannan lalurar taka za ka zauna a kan keke kilomita 80? Ka koma gajeren." Kowa ya goyi bayansa. Ɗan yayata, wanda ya san gaskiyar wandon, ya buɗe baki, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na yi ajiyar zuciya, na gyara zama a gefe ɗaya na benci, na ce to, tunda kun matsa.